Saiwa biyu, suna ɗaya: yadda maganin fang ji ya lalata ƙodojin mata a Brussels

A farkon shekarar 1992 likitocin ƙoda a birnin Brussels na ƙasar Beljiyam suka karɓi mata biyu, dukansu ba su kai shekara 50 ba, ƙodojinsu sun kusa daina aiki gaba ɗaya. Babu wadda ta taɓa ciwon ƙoda a cikinsu. Da aka ɗebo ɗan tsokar ƙodar kowacce aka duba, sai aka ga abu iri ɗaya: naman ƙodar ya ƙanƙance ya zama tabo. Da aka bi diddigi, abin da ya haɗa matan nan shi ne wani asibitin rage ƙiba da suke zuwa. Likitocin suka aika wa cibiyoyin wankin ƙoda na birnin tambaya, sai ga wasu mata bakwai masu irin wannan labari. Farfesa Jean-Louis Vanherweghem na asibitin Erasme da abokan aikinsa suka buga bayanin matan tara a mujallar Lancet a watan Fabrairun 1993.

Asibitin rage ƙibar ya yi shekara 15 yana aiki ba a ji irin wannan ba. Abin da ya sauya shi ne haɗin maganin. A watan Mayun 1990 aka shigo da sabon kafso wanda ya ƙunshi garin kaskara mai sa gudawa, da asetazolamid mai sa fitsari, da ɗan beladona, sai garin tsirrai biyu daga ƙasar Sin: ɓawon Magnolia officinalis da saiwar Stephania tetrandra, kowanne miligiram 100 zuwa 200, a sha sau uku a rana. Ban da wannan akwai wani kafson mai kashe sha'awar abinci, mai ɗauke da fenfuluramin da dayetilpropiyon. An ƙiyasta cewa mutum 1,500 zuwa 2,000 ne suka sha haɗin tsakanin 1990 da 1992. Fiye da 100 suka kamu da ciwon ƙodar, kusan dukansu mata, kuma kimanin kashi 70 cikin ɗari na waɗannan sun kai ga wankin ƙoda ko dashe.

Fang ji a gidansu

Saiwar Stephania tetrandra ba baƙuwa ba ce a likitancin Sinawa. Suna kiranta han fang ji, ko fen fang ji, wato fang ji mai gari, saboda idan aka karya ta fari ne a ciki kamar busasshen rogo. A lissafinsu magani ne mai ɗaci, mai sanyi, aikinsa fitar da ruwan da ya taru a jiki da kwantar da ciwon gaɓoɓin da suka kumbura suka yi zafi. Ana ba da giram 5 zuwa 10 a rana, a dafa tare da wasu magunguna a sha ruwan. Fitaccen haɗinsa shi ne Fang Ji Huang Qi Tang, wanda ya fito daga littafin Jin Gui Yao Lue na likita Zhang Zhongjing, kusan shekara 1,800 da suka wuce. A awon da ake koyarwa yau ana sa fang ji giram 12, huang qi giram 15, bai zhu giram 9, gan cao giram 6, da yanka huɗu na ɗanyar citta da magaryar Sin guda. Wanda ake ba wa shi ne mai nauyin jiki, mai kumburin ƙafa, mai yawan gumi, mai gudun iska, wanda fitsarinsa ya ragu.

Tsoffin littattafan ba su bar maganin a sake ba. Sun ce ɗacinsa da sanyinsa suna taɓa ciki, don haka ba a ba mai raunin ciki wanda ba ya iya cin abinci, ba a ba wanda jikinsa ya bushe babu ruwan da za a fitar. Likitan Sinawa na ƙwarai yakan rubuta haɗi na mako ɗaya ko biyu, mara lafiya ya dawo a duba harshensa da bugun jijiyar hannunsa, sannan a rage wani abu, a ƙara wani, ko a tsayar.

Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da aka yi a Brussels. Likitocin da suka rubuta kafson ba su koyi likitancin Sinawa ba. Matan ba kumburi ne da su ba, ƙiba suke son ragewa. Ba dafa saiwar aka yi ba, niƙa ta aka yi ana haɗiya da garinta. An gwama ta da magungunan asibiti masu ƙarfi. Kuma an sha ta kullum, wata da watanni, wasu fiye da shekara. Duk da haka, da a ce han fang ji na gaskiya ne a cikin kafson, da wannan masifa ba ta auku ba. Ba shi ba ne a ciki.

Inda suna ya yi ɓarna

A kasuwar magani ta Sin, fang ji ba sunan tsiro ɗaya ba ne. Akwai han fang ji da muka ambata. Akwai mu fang ji, wanda asalinsa Cocculus ne. Akwai guang fang ji, wato fang ji na yankin Guangdong da Guangxi, wanda sunansa na kimiyya Aristolochia fangchi. Har ma akwai han zhong fang ji, shi ma Aristolochia ne, ga sunansa dab da na han fang ji, gaɓa ɗaya ce ta raba su. Masu sayar da magani sun daɗe suna ba da wannan a madadin wancan, kuma ba sa ganin sun yi ha'inci, domin guang fang ji ma yana cikin kundin magungunan da hukumar ƙasar ta amince da su a lokacin. Akwai ma tsohuwar ƙa'ida da ɗalibai ke haddacewa, cewa han fang ji na ruwa ne, mu fang ji na ciwon gaɓoɓi, kuma a shaguna da yawa in an rubuta mu fang ji, guang fang ji ake aunawa.

Amma kama da wane ba ta wane. Stephania da Aristolochia ko dangi ɗaya ba su haɗa ba. Wanda ya san aikinsa yana iya raba su idan saiwar tana nan ɗungum ko an yanka ta fale-fale. Han fang ji cikinsa fari ne mai yawan gari, da 'yan layuka tsilla-tsilla da suka taso daga tsakiya. Guang fang ji ɓawonsa ya fi kauri da kaushi, garinsa kaɗan ne, itacensa ya fi yawa, kuma layukan cikinsa a cunkushe suke kamar wayoyin ƙafar keke. Da zarar an niƙa, duk waɗannan alamu sun tafi. Abin da ya isa kantunan harhaɗa magani a Beljiyam gari ne a buhu, da takarda mai cewa Stephania tetrandra, kuma babu wanda ya gwada shi kafin a ɗura a kafso.

Gwajin kuwa ba mai wuya ba ne. Han fang ji na gaskiya yana da sinadarin tetrandirin. Aristolochia kuma yana da asid aristolokik, wanda Stephania ba ta da shi sam. A 1994 Maurice Vanhaelen da abokan aikinsa suka gwada samfuri 12 na garin da aka shigo da shi ƙasar da sunan Stephania, suka sami asid aristolokik a cikin 10. Bayan shekara biyu, Heinz Schmeiser da ke Heidelberg a Jamus ya nuna sinadarin maƙale da DNA, wato sinadarin gado da ke cikin ƙwayoyin jiki, a tsokar ƙodar matan. Daga nan gardama ta ƙare kan ko sun sha ko ba su sha ba.

Abin da ke da ciwo shi ne ba sabuwar guba ba ce. Tun farkon shekarun 1980 Jamus ta janye magungunan da ke ɗauke da asid aristolokik daga kasuwa, bayan gwaji ya nuna yana sa wa ɓeraye ciwon daji. Ilimin yana nan a Turai kusan shekara goma kafin kafson. Sai dai ba wanda ya nemi Aristolochia a buhun da aka rubuta wa wani suna.

Abin da gubar ke yi a ƙoda

Ƙoda tana aiki mataki biyu. Akwai ƙananan rariyoyi da ke tace jini, sai siraran bututu da ke biye da su, masu tsotse ruwa da suga da gishiri su mayar cikin jini, su kuma tura datti cikin fitsari. Sashen farko na bututun nan yana da ƙofofi na musamman da ke jawo wasu sinadarai daga jini don a zubar. Ta waɗannan ƙofofi asid aristolokik ke shiga, ya taru a cikin ƙwayoyin bututun fiye da ko'ina a jiki. Ƙwayoyin su mutu, bututun ya shanye, tabo ya maye gurbinsa. Tabon yana farawa daga bayan ƙodar ya yi ciki. Rariyoyin kuwa sukan daɗe lafiya lau, kuma wannan ne ya sa ciwon yake ɓuya.

Yawancin cututtukan ƙoda da likita ya saba gani rariya suke taɓawa, sai furotin ya zuba da yawa a fitsari, ko jini, jiki ya kumbura, hawan jini ya taso. Nan ba haka ba ne. Fitsarin matan kusan wasai yake. Furotin ɗin da ke fita kaɗan ne, kuma irin ƙananan nan ne da tsinken gwajin fitsari na yau da kullum ba ya kamawa sosai. Wani lokaci akan ga suga a fitsari alhali sugan jini daidai yake, alamar bututun ya kasa tsotsewa. Kusan rabinsu jininsu bai hau ba a farko. Abin da ya fi fitowa fili shi ne ƙarancin jini mai tsanani, wanda ya wuce yadda lalacewar ƙodar ta kai, domin ƙwayoyin da ke yin sinadarin da ke umartar ɓargo ya ƙera jini suna zaune ne daidai inda tabon ke ci. Mace tana jin kasala, tana ɗashewa, ga ta tana rage abinci da gangan. Wa zai zargi ƙoda? A hoton sikanin kuma ƙodojin sun ƙanƙance, sau da yawa ɗaya ta fi ɗaya.

Daina shan maganin bai tsayar da ciwon ba. Wasu sai bayan watanni da ajiye kafson kiriyatinin ɗinsu, wato dattin da ake aunawa a jini don sanin aikin ƙoda, ya fara hawa, kuma daga nan zuwa injin wanki wani lokaci ko shekara ba a yi.

A nan ya kamata a tsaya a yi lissafi. Miligiram 100 zuwa 200 sau uku a rana bai wuce miligiram 300 zuwa 600 ba, ƙasa ƙwarai da giram 5 zuwa 10 da ake dafawa a Sin. Wanda ya dubi awon yini ɗaya zai ce ai wannan ba komai ba ne. Amma miligiram 600 kullum na wata 11 ya kai giram 200. Da aka koma kan takardun magani aka tara abin da kowace mace ta sha, sai aka ga waɗanda ƙodarsu ta mutu gaba ɗaya sun sha giram 192 a matsakaici, waɗanda tasu ta raunana amma ba ta mutu ba sun sha giram 138. Gubar ba ta aiki da awon yini, da jimilla take aiki. Kowane kafso yana barin abin da ya bari, jiki ba ya gogewa.

An gwada maganin piredinisolon a kan mata 12 da ciwonsu bai yi nisa ba, miligiram 1 ga kowane kilo na nauyin jiki na wata guda, sannan a riƙa ragewa a hankali. Bayan shekara, biyu ne kawai daga cikinsu suka kai ga wanki, alhali a cikin wasu 23 da ba a ba su ba, 16 sun kai. Gwajin ƙarami ne, kuma jinkirtawa maganin ya yi, bai warkar ba. Tabon da ya riga ya zauna ba ya komawa nama. An kuma ga matsalar bawul ɗin zuciya a wasu matan, amma wannan daga baya an jingina shi ga fenfuluramin, ba ga saiwar ba.

Ciwon daji

Jean-Pierre Cosyns, likitan binciken tsoka a jami'ar Louvain, yana cikin waɗanda suka fara lura cewa fatar da ta shimfiɗe cikin hanyar fitsarin matan ba daidai take ba. Nan da nan aka fara ganin ciwon daji a kwarin ƙoda da bututun da ke kai fitsari mafitsara. Likitocin Erasme suka yanke shawara mai nauyi: duk wadda ƙodojinta suka riga suka mutu, tana wanki ko an yi mata dashe, a ba ta shawarar cire tsoffin ƙodojin biyu da bututunsu tun kafin a ga wata alama. Mutum 39 suka yarda. Joëlle Nortier da abokan aikinta suka buga sakamakon a shekarar 2000. An sami ciwon daji a 18. Daga cikin 21 da suka rage, 19 ƙwayoyinsu sun fara sauya kama. Biyu kacal aka samu lafiya. Kuma nan ma jimilla ta yi magana: cikin 24 da suka sha giram 200 ko ƙasa, 8 ne ke da dajin, cikin 15 da suka wuce giram 200 kuwa, 10.

Yadda abin ke faruwa an san shi dalla-dalla yanzu. Jiki da kansa ne ke juya asid aristolokik ya zama wani sinadari mai kama duk abin da ya taɓa, sai ya maƙale wa harafin A, ɗaya daga cikin haruffa huɗu da aka rubuta DNA da su. Idan ƙwayar ta zo rabuwa, sai a karanta wurin ba daidai ba, A ya koma T. Irin wannan kuskure ba kasafai ake ganinsa a sauran cututtukan daji ba, shi ya sa ya zama kamar zanen yatsa: in an gan shi da yawa a ƙari, an san gubar da ta wuce ta wurin. Yakan faɗa wa TP53, ƙwayar gadon da aikinta hana ƙari tasowa. Maƙalewar kuma ba ta saurin gogewa, an same ta a ƙodar wasu fiye da shekara 20 bayan sun daina sha. Wasu matan da aka cire wa ƙodoji da bututu, bayan shekaru sai dajin ya fito musu a mafitsara. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa magungunan Aristolochia a rukuni na ɗaya, na abubuwan da aka tabbatar suna jawo daji, a 2002, daga baya ta sa shi kansa sinadarin.

Ba laifin Turawa kaɗai ba ne

Da farko an raɗa wa ciwon suna da ke nufin ciwon ƙoda na tsirran Sin. Masu likitancin Sinawa suka yi fushi, suka ce tsiro ɗaya ne ya yi ɓarna, kuma hannun da bai iya ba ne ya ba da shi. Suna da gaskiya a kan sunan, kuma an sauya shi ya koma na sinadarin. Amma hujjar cewa a hannun masana ba abin da zai faru ba ta daɗe ba ta rushe.

A 1999 aka sami mata biyu a Ingila da ƙodarsu ta mutu bayan sun sha haɗin Sinawa don ciwon fata. Wannan karon ba fang ji ba ne, mu tong ne, kuma labarin iri ɗaya ne. Mu tong na tsoffin littattafai karan Akebia ne, ba shi da wannan guba. A ƙarni na 20 wani kara daga arewa maso gabashin Sin, guan mu tong, wato Aristolochia manshuriensis, ya mamaye kasuwa har kundin hukuma ya karɓe shi. Shi aka riƙa sawa a Long Dan Xie Gan Wan, ƙwaya mai haɗi goma da ake sha don jan ido, ɗacin baki, ciwon kai da zafin fitsari. Mutane suna sayenta a kanti ba takardar likita, suna sha don su kashe abin da suke kira wutar jiki, wasu shekara da shekaru. A watan Fabrairun 2003 kamfanin dillancin labarai na Xinhua ya fitar da rahoton masu wankin ƙoda a Beijing da suka sha ƙwayar, cikinsu har da likitocin gargajiyar kansu. A watan Afrilu hukumar magunguna ta soke guan mu tong, ta ce a koma Akebia. A 2004 ta soke guang fang ji da qing mu xiang, wanda shi ma saiwar Aristolochia ce.

A Taiwan, inda inshorar lafiya ke biyan kuɗin maganin gargajiya kuma ake ajiye kowace takarda, an duba aka ga kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen tsibirin an rubuta musu maganin da ke ɗauke da sinadarin, ko ake kyautata zaton yana ɗauke da shi, tsakanin 1997 da 2003, shekarar da aka hana. Ƙwararru masu lasisi ne suka rubuta, a awon da littafi ya ce. Taiwan tana cikin wuraren da dajin saman hanyar fitsari ya fi yawa a duniya, kuma a wani bincike na 2012 kan masu wannan daji 151, an sami sawun gubar a ƙodar kashi 60 cikin ɗari.

Lamarin Brussels ya ma warware wani tsohon ƙulli da ba ruwansa da Sin. Tun shekarun 1950 ake ganin wani ciwon ƙoda a ƙauyukan manoma na Bosniya, Kuroshiya, Sabiya, Romaniya da Bulgeriya, an rasa sanadinsa. Da aka ga tabonsa ya yi kama da na matan Beljiyam, sai aka koma gonakin. Aristolochia clematitis na fitowa cikin alkama, ana girbe 'ya'yansa tare da hatsi a niƙa a yi burodi. A 2007 Arthur Grollman da abokan aikinsa suka nuna sawun gubar a ƙodar mutanen yankin.

Me ya sa shekara dubu biyu ba su gano ba

Kada a ɗauka likitancin Sinawa bai san guba ba. Ya san ta ƙwarai. Littafinsu na farko kan magunguna, Shennong Bencao Jing, ya kasa magunguna 365 gida uku, na ƙasan su 125 ya ce yawancinsu masu guba ne, ba a daɗewa ana sha. Dubi yadda suke yi da fu zi, saiwar Aconitum, wadda ɗanyarta kan kashe mutum cikin sa'o'i. Ana jiƙa ta a ruwan gishiri, a dafa, a yanka, a turara. Ana ba da giram 3 zuwa 15. Ana fara tafasa ta ita kaɗai minti 30 zuwa 60 kafin a zuba sauran magunguna, a ɗanɗana, in harshe ya yi dindiris a ci gaba da dafawa. Ba a haɗa ta da ban xia ko bei mu, ba a ba mai ciki. Kimiyya ta tabbatar da hikimar: zafi da ruwa suna karya gubar ta koma wani sinadari mai sauƙi ƙwarai. Har yau masu mutuwa da fu zi galibi waɗanda suka gajarta dafuwar ne, ko suka jiƙa ɗanyar a giya.

Fu zi yana faɗar laifinsa da bakinsa. Ka sha da safe, kafin azahar leɓe ya mutu, amai ya zo, zuciya ta rikice, kowa ya ga abin da ya jawo. Irin wannan guba ido da harshe da gogewar kaka da kakanni suna kama ta, su yi mata linzami. Asid aristolokik a ƙaramin awo ba ya sa amai, ba ya sa jiri, kumburin ƙafar ma yana iya saɓewa mara lafiya ya yi godiya. Ƙodar ta mutu bayan shekara biyu, dajin ya zo bayan goma ko ashirin, a lokacin an manta da wane jiƙo aka sha. Babu likitan da zai iya haɗa waɗannan biyu ta hanyar duba harshe da jijiya, komai ƙwarewarsa. Sai da aka sami mata da yawa a gari ɗaya, masu shan abu ɗaya, da takardun da suka nuna ko giram nawa kowacce ta sha. Don haka maganar cewa an daɗe ana sha hujja ce mai ƙarfi a kan guba mai gaggawa, amma ba ta tabbatar da komai a kan mai jinkiri. Dafuwa ma ba ta kashe wannan sinadari yadda take kashe na fu zi. Iyakarta ta fitar da wani kaso cikin ruwa ta bar saura a tuƙa, shi ya sa gari da ƙwaya, inda ake haɗiye saiwar duka, suka fi jiƙo haɗari, ba don jiƙon ya kuɓuta ba.

Abin da ake yi yanzu

Han fang ji bai fita daga aiki ba, kuma bai kamata ya fita ba. Abin da ya sauya shi ne yadda ake tabbatar da shi. Kundin magungunan Sin ya tsayar da sunan fang ji a kan Stephania tetrandra kaɗai, ya kuma shar'anta cewa tetrandirin da ɗan'uwansa fancinolin su kai kashi 1.6 cikin ɗari na busasshiyar saiwa. Mai shigo da kaya na kirki ba ya karɓar buhu da sunan kasuwa kawai. Yana neman sunan kimiyya da sashen tsiron da lambar rukunin kayan, da takardar gwaji mai nuna abu biyu: akwai tetrandirin, babu asid aristolokik. Ɗaya ba ta wadatar, domin buhun da aka gauraya saiwoyin biyu zai ci gwajin farko. Haka ake yi wa mu tong da mu xiang, wanda ake rikita shi da qing mu xiang, kuma ya fi kyau a sayi saiwa a yanke a niƙa da kai.

Xi xin, wato Asarum, shi ne ɗan dangin Aristolochia da ya rage a kundin bayan an fitar da ma dou ling da tian xian teng, dukansu Aristolochia, a bugun 2020. An hana amfani da ganyensa, inda sinadarin ya fi yawa, sai saiwa kawai, giram 1 zuwa 3 a dafuwa, rabin giram zuwa 1 in gari ne, kuma asid ɗin kada ya wuce kashi 0.001 cikin ɗari. Hani a takarda bai kwashe kaya daga kasuwa ba, har yanzu ana samun Aristolochia a intanet da cikin haɗe-haɗen da ba a rubuta abin da ke ciki ba.

Dangin nan ba a Sin kaɗai yake ba. Duman dutse da masu magani a ƙasar Hausa ke sayar da saiwarsa don ciwon ciki da saran maciji, Aristolochia albida ne, kuma asid aristolokik abu ne da aka san wannan dangi da shi. Ɗacinsa da ake yabo ba ya nuna ko kaɗan abin da yake bari a ƙoda.

Wanda ya san ya sha ɗaya daga cikin waɗannan na tsawon lokaci, ya daina, ya ajiye ragowar da kwalinta don a gwada, ya rubuta awon da yake sha da tsawon lokacin don a fitar da jimilla. A asibiti a auna kiriyatinin da yawan jini, a duba fitsari har da suga da ƙananan furotin, a yi sikanin a ga girman ƙodojin. Ya guji magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diklofenak, waɗanda ke ƙara wa ƙoda nauyi. In gwajin farko ya fito lafiya ba a sallame shi ke nan ba, sai an riƙa maimaitawa. In kuwa an tabbatar da ciwon, to bibiyar hanyar fitsari ta zama ta har abada: gwajin ƙwayoyin da ke cikin fitsari, da leƙa mafitsara da na'ura, wanda a Brussels aka riƙa yi wa matan duk wata shida. Jini a fitsari, ko sau ɗaya ne kuma ko babu zafi, a kai shi wurin likitan mafitsara a makon, a kuma gaya masa sunan abin da aka sha ko da shekara 15 ke nan da dainawa.